Ajiye rezar nan tukuna, kwalin gem ɗin bai yi maka laifi ba

Ɗan yayata ya dawo daga kasuwar Mafara wata ranar Talata yana ta washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da Makka. A teburin wani mai kayan gwanjo, cikin tarin rimot da caja da matattun wayoyi, ya tsinci Pro Evolution Soccer 5 na PlayStation 2, na asali ba kwafi ba, da faifansa da ɗan littafinsa a ciki. Idan ka taɓa zaman gidan gem a Bakura ko Mafara ko Maradun, lokacin da ake layi ana jiran wanda aka ci ya miƙa fad, ka san kwalin da nake nufi: Thierry Henry a gefe guda, John Terry a ɗaya gefen. Wasan 2005 ne, wato ya girmi yaron da ya saye shi.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. Wata sitika ce ruwan ɗorawa, mai farashi da fam na Ingila, an manna ta daidai kan fuskar Henry. Kafin in idar da alwalar la'asar ya ɗauko reza ya hau kankara. Takardar sitikar ta fita, danƙon ya tsaya, ƙura ta bi ta manne ya koma baƙi ƙirin. Sai ya nufi babur ɗin babansa ya jiƙo tsumma da fetur. Ko da na fito, rezar ta riga ta tsaga ledar saman kwalin, fetur ya bi tsagar ya shiga takardar da ke ciki, fuskar Henry ta dame kamar rubutun allo da aka fara wankewa.

Na ce masa, "Kai, mi ka kai ka?"

Ya ce, "Kawu, so nike ya yi tsaf in ɗora a TikTok."

Garin gyaran gira aka rasa ido ke nan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aikin na minti goma ne, da kayan da ke cikin ɗakin girkin uwarsa.

To, ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, don na san akwai 'yan matan da suka fi mu iya Mortal Kombat, yau mu ɗan huta da rigimar 'yan siyasa mu yi maganar sitika. Na san za ka ce ƙasa na cikin wannan hali ni kuma ina zancen kwali. Ka yi mini haƙuri zuwa ƙasa kaɗan, akwai dalili.

Fara da sanin abokin faɗanka. Danƙon sitika ba irin gam ɗin kafinta ba ne da ke bushewa ya zama dutse. An yi shi ne ya zauna da ɗan laushi, ya kama da zarar an danna. Ɗumi yana ƙara masa laushi, mai yana ratsa shi ya sake, tsufa kuma yana busar da shi ya ƙanƙame. Shi ya sa sitikar jiya take fita salin-alin, ta shekara 15 kuma take barin rabinta a baya. Reza ba ta san wannan ba. Ita dai ta yanka abin da ta tarar, ko danƙo ko hoton da kake son cetowa.

Kwalin PlayStation 2 da na PlayStation 3 da na Xbox roba ce mai ɗan lanƙwasuwa, da leda a samanta, hoton kuma takarda ce da aka zura a ƙarƙashin ledar. Wannan shi ne sirrin da yaronmu bai sani ba: sitikar ba ta taɓa takardar ba sam, a kan leda take. Buɗe kwalin gaba ɗaya, ka ɗan tanƙwara shi baya, takardar za ta saki ka zaro ta a hankali. Cire faifan da littafin, ka kai su can nesa inda hannunka mai maiƙo ba zai kai ba. Abin da ya rage a hannunka roba ce zalla, ba ta tsoron ruwa. Ɗiga man gyaɗa ko ka shafa ɗan basilin a kan danƙon, ka bar shi ya jiƙa kamar minti goma, ka je ka duba saƙonninka. In ka dawo, murza da yatsa ko da gefen tsohon katin banki, ko katin nan da ake ɓalle layin waya daga jikinsa. Za ka ga danƙon yana dunƙulewa yana fita. Wanke da ruwa da sabulu, ka girgiza, ka jingine a inuwa. Kada ka mayar da takardar sai cikin ledar ya bushe ƙarau, ko da zai kai gobe, don ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya manne tawada da leda.

Na PlayStation na farko kuwa, da kwalayen faifan wa'azi da na waƙa na da, wata roba ce daban, mai ƙarfi da sheƙi kamar gilashi, mai saurin tsagewa. Ita wannan fetur yana cin ta, haka ma ruwan goge jan farce. Da ka shafa za ta yi hazo fari, kuma hazon ya zauna ke nan har abada. Mai da sabulu su ne nata. Kananzir yana cire danƙo, ban musa ba, amma warinsa zai bi kwalin har ɗakin amaryarka.

Yanzu bari in biya bashin da na ɗauka, in gaya maka abin da ya sa na damu.

Ka tuna farkon Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro? Makonni muka yi babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook, wasu har wata jiha suke zuwa don kawai su ce wa ɗan'uwa suna nan lafiya. A kwanakin nan duk wasan da ke wayarka mai neman intanet ya zama hoto kawai. Wanda ya saka kuɗinsa ya sayi kaya a cikin wasa, ya zauna yana kallon allo yana juyawa. Amma tsohuwar PlayStation 2 da aka jefa ƙarƙashin gado, in an samu wuta ko sola, ka zura faifai ta tashi, ba ta tambayi kowa izini ba. A lokacin ne na gane bambancin abin da ka mallaka da abin da aka ba ka aro kana biya.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tseren mota mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014. Daga ranar wasan ya mutu, har a hannun waɗanda suka saye shi a faifai, domin faifan ba ya aiki sai da intanet ɗin kamfani. Abin ya fusata mutane har suka kafa gangamin Stop Killing Games. Kafin nan, a 2023, wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su a kasuwa yanzu. Sony kanta tun 2020 ta fito da wani nau'in PlayStation 5 da ba shi da ma bakin zura faifai. Ita kuwa PlayStation 2, da ta fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, an daina ƙera ta tun farkon 2013. Duk faifai da kwalin da ya lalace yau, babu masana'antar da za ta sake buga wani. Shi kansa sunan Pro Evolution Soccer ya tafi, tun 2021 Konami ta mayar da shi eFootball.

Mu Hausawa ma mun riga mun ga irin wannan asara da idonmu, sai dai ba mu kira ta asara ba. Turmin Danya, da ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, ya fito a Kano a 1990. A gidan wa za ka samu kaset ɗinsa da kwalinsa yau? Kai, bar Turmin Danya, ina kwalin Sangaya da kusan kowane gida mai bidiyo ya taɓa riƙewa? An hura wuta da wasu, gara ta ci wasu, yara sun yi mota da sauran. Alhali a jikin kwalin ne ake samun sunan kamfani, da na 'yan wasa, da shagon da ya rarraba, abubuwan da wanda ya ɗora fim ɗin a YouTube yakan yanke. Littattafan hikaya sun ɗan yi sa'a, don a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundin da ya jera waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002. Gidajen gem ɗinmu fa, wa ya rubuta nasu? Babu kowa. Kwalayen nan su ne kaɗai takardun shaidar da suka rage.

Mu koma kan aiki, wurin da ya fi wuya, wato kwalin takarda. Nan ake samun kwalayen Game Boy da Nintendo 64, da babban kwalin da na'urar kanta take zuwa a ciki, da rigar kaset ɗin bidiyo. Duk abin da na faɗa a sama game da mai da ruwa, manta da shi a nan. Man gyaɗa a kan takarda tabo ne irin na takardar ƙosai, ba ya fita. Ruwa yana kumbura ta. Sifirit na kemis yana iya kwashe launi. Makaminka ɗumi ne da haƙuri.

In kana da 'yar'uwa mai shagon gyaran gashi, ari dirayarta, ka sa a mafi ƙarancin zafi, ka riƙe ta nesa da kwalin kamar tsawon tafin hannu, ka ɗumama sitikar na daƙiƙa 20 zuwa 30. In babu wuta, kamar yadda muka saba, tsoma cokali a ruwan zafi, ka goge shi ya bushe sarai, ka ɗora bayansa a kan sitikar ta saman ƙyalle mai tsabta. Kada ka kai wa mai gyaran waya ya hura masa iskar da yake narka dalma da ita, kuma kada ka kusanto da dutsen guga. Shanyawa a ranar Bakura ta watan Afrilu ma ba dabara ba ce, launin zai koɗe kafin danƙon ya saki.

Da ta yi ɗumi, ɗaga kusurwa ɗaya da farce. Ga inda mutane suke faɗuwa: suna ja sama. Kada ka ja sama. Kwantar da sitikar ta koma kan bayanta, ka riƙa janta a kwance, kaɗan-kaɗan, kamar mai feɗe fatar da yake son sayarwa. Idonka yana kan layin da take rabuwa da kwalin. Da ka ga fari ya fara bayyana, fatar kwalin ce take tashi, tsaya nan take. Sake ɗumamawa, ka ɓullo ta wata kusurwar. In nan ma ta fara tashi, ka haƙura. Sitikar ta ci wannan wasan, kuma kwali mai sitika ya fi kwali mai ƙwarzane kyan gani nesa ba kusa ba.

Danƙon da ya rage, sau da yawa ita sitikar da ka cire ce maganinsa. Riƙa danna gefenta mai danƙo a wurin kana ɗagawa da sauri, danƙo yana kama ɗan'uwansa. A kwali mai sheƙi kilinar fensir mai laushi tana dunƙule shi, in ka bi a hankali. Masu tara irin waɗannan kaya a ƙasashen waje suna amfani da man laita irin na Zippo, domin yana narkar da danƙo ya bushe bai bar maiƙo ba. In ka samu, ɗigo ɗaya a kan auduga ya isa, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan sigari, kuma sai ka fara gwadawa a cikin leɓen kwalin inda ido ba ya kaiwa. Kada wani ya ce maka ai fetur ma ɗan'uwansa ne. Fetur yana ɗauke da wasu sinadarai da ke barin tabo da wari, ga hatsarin gobara. In duk ka yi wurin bai daina kama yatsa ba, barbaɗa 'yar hoda ka kaɗe, aƙalla ƙura ba za ta sake taruwa ba.

Akwai wuri guda da zan roƙe ka kada ka taɓa ko da wasa: sitikar da aka manna a kan faifan kansa. Juya shi ka duba. In ƙasansa baƙi ne, na PlayStation na farko ne, in shuɗi ne mai ɗan duhu, cikin na PlayStation 2 ne da aka buga a CD. A irin waɗannan, wasan yana kwance ne dab da saman faifan, ƙarƙashin fentin rubutun, ba abin da ya raba su sai wani siririn shafi. Ka ja sitika ta taso da fentin, ta tafi da wasan ke nan, za ka ɗaga faifan ka hango haske ta ramin. Na DVD, mai ƙasa kalar azurfa, bayanansa suna tsakiyar roba biyu ne, ya fi jure wahala, amma shi ma in yana aiki me ya kai ka? Gogewa kuma daga tsakiya zuwa baki ake yi da ƙyalle mai laushi, ba a zagaye ba, kuma ba da gefen rigar da ka yini da ita a kan babur ba.

Na san abin da ke ran wasunku tun ɗazu: nawa za a saya? Kun ga bidiyon da ke yawo. Gaskiya ne, a Yulin 2021 an sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56 a gidan gwanjon Heritage da ke Amurka, wata guda bayan haka aka sayar da Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2. Amma abin da mai bidiyon ba ya faɗa shi ne, waɗannan ba a taɓa buɗe su ba, suna cikin ledarsu ta masana'anta shekara da shekaru. Kuma a 2022 wasu masu saye sun kai kamfanin Wata, mai tantance ingancin irin waɗannan kaya, ƙara kotu bisa zargin an hura farashin da gangan. Daga baya kasuwar ta sauko sosai. Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin faifan da muka buga a gidajen gem ɗinmu kwafi ne, a na'urar da aka yi wa aiki don ta karɓe su, daga baya ma aka koma loda wasanni a filas. Wasan ƙwallo kuwa miliyoyi aka buga, ko a Turai ba shi da tsada. Don haka duk wanda ya shigo maka ta akwatin saƙo ya ce kwalinka zai yi miliyan, ka fara turo kuɗin rajista ko na aikawa, ɗan damfara ne, toshe shi. Ba don kuɗi nake cewa ka adana ba.

Wani abin mamaki ma, a wannan kasuwar tasu akwai lokacin da sitikar ce kuɗin. A Fabrairun 2019 an sayi wani Super Mario Bros. a kan dala 100,150, dalili kuwa shi ne yana cikin na farko-farko da Nintendo ta rufe bakinsu da 'yar sitika maimakon leda. Da wani mai son tsabta ya ɓamɓare ta, da ya ɓamɓare dukiyar gaba ɗaya.

Wannan ya kawo ni inda za mu iya saɓawa da kai. Ni a ganina ba kowace sitika ce datti ba. Ta lambar na'ura da ke ƙasan PlayStation, da hatimin da ke nuna ba a taɓa kwance ta ba, bar su, su mai saye yake dubawa. Ta farashi da fam ko yuro, in ba ta rufe fuskar kowa ba, ni ina barinta, don ita ce fasfon kwalin: ta nuna ya zauna a kantin wata ƙasa, wani yaro ya gama da shi, ya shiga kwantena, ya ratso har teburin mai gwanjo a Mafara. Wadda ta fi duka a wurina ita ce tamu ta gida. Sunan mai gidan gem da aka rubuta da maka don kada a sace. Hatimin shagon hayar kaset da lambar waya ta zamanin da lambobin ba su kai goma sha ɗaya ba. Shagon ya rufe, mai shi wataƙila ya koma noma a Bakolori ko rashin tsaro ya tayar da shi zuwa Gusau, sunan nan ne kawai ya rage da ke cewa an taɓa yin wurin. Ka goge shi don bidiyon daƙiƙa 30, ka samu kwali mai tsabta irin wanda ke ko'ina a duniya, ka rasa wanda babu irinsa sai a hannunka. In dole sai ka cire, ɗauki hotonsa tukuna, wayar tana hannunka ai.

Ajiya ba ta da dogon bayani. Maƙiyan su ne laimar damina, da gara, da kyankyaso, da rana. Kada ka ajiye a ƙasa ko jikin bangon ƙasa. Jera su a tsaye cikin akwatin ƙarfe ko bokitin roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Kuma don Allah kada ka ɗinke yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru zai koma ruwan ƙasa ya bar tabon da ya fi yagewar muni.

Shi kuwa kwalin ɗan yayata, mun zaro takardar muka shimfiɗa ta tsakanin shafukan wani tsohon littafin lissafi, muka ɗora turmi a kai kwana uku. Ta miƙe, warin fetur ya ragu, amma rabin fuskar Henry ya tafi. Muka samo kwalin wani faifan kwafi da ya daina aiki muka zura ta a ciki. Faifan lafiyarsa ƙalau. Ran Juma'a da aka kawo wuta muka jona, ya ɗauki Arsenal na ɗauki Chelsea, ya ci ni uku da ɗaya, biyu daga ciki Henry ne ya zura.